Wai da gaske sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro intanet?

Ɗan Aji Uku:
Slm 'yan uwa. Jiya musu ya kaure a majalisarmu, abokina ya kafe wai sojojin Amurka ne suka yi intanet saboda tsoron yaƙin nukiliya, ni kuma na taɓa ji malaminmu yace jami'o'i ne. Dan Allah masana a raba mana gardama.

Injiniyan Unguwa:
Wslm. Kowannenku da gaskiyarsa. Kuɗin dai na ma'aikatar tsaron Amurka ne ta hannun hukumar ARPA da aka kafa a 1958 bayan Tarayyar Sobiyet ta riga su harba tauraron ɗan Adam, wato Sputnik, amma masu aikin malaman jami'a ne da ɗalibansu, sai kamfanin BBN da ya haɗa na'urorin. Kuma ba bam ne ya dame su ba, kwamfuta ce lokacin sai ta cinye ɗaki guda ga ɗan karen tsada, shine aka ce a jona su ta layin tarho kowa ya riƙa aron ta ɗan uwansa. Sunan abin ARPANET. Ran 29 ga Oktoba 1969 wani ɗalibi Charley Kline a jami'ar UCLA ya zo tura LOGIN zuwa cibiyar bincike ta Stanford, yana buga L da O na'urar can ta tsaya cak 😂 kaga netwok ba yau ya fara wulaƙanta mutane ba. Shekarar ta ƙare da wurare 4 kacal, an ƙara jami'o'in Santa Barbara da Utah.

Mai Shayin Boko:
Injiniya kar ka kayar da abokinsa gaba ɗaya mana. Zancen nukiliyar daga Paul Baran na cibiyar bincike ta RAND ya samo asali, shi ya yi tunanin a yayyanka saƙo gutsi-gutsi kowanne ya bi hanyar da ya samu, ko an ragargaza wata tashar saƙon ya isa. Donald Davies a Ingila shima ya gano haka shi kaɗai.

Yaya Babba:
Ƙanena kar ka cakuɗa intanet da www (tsarin shafukan da muke buɗewa) fa, wannan daban, Tim Berners-Lee ne ya kawo shawararsa a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a 1989. Ni a ganina ma 1 ga Janairu 1983 aka haifi intanet, ranar da ARPANET ta koma TCP/IP, wato ƙa'idar da kwamfutoci ke bi su yi magana da juna, ta Vint Cerf da Bob Kahn.

Ɗan Aji Uku:
Na gode wlh. Kenan kunnen doki muka yi, to waye zai biya kuɗin shayin da muka sa?