Sayen na-gani-ina-so: me ke biyo bayan “na saya”?

Mai buɗe zance, Gyaɗi-Gyaɗi

Assalamu alaikum jama'a. Kowa ya san wannan hali: an fita cefane ko an zauna duba sitatus, sai a tashi da abin da ko a mafarki ba a yi niyyar saya ba. Wani tattabara, wani hula, wata turare, wani tsohon kuɗi. Don Allah duk wanda ya san wani fanni ya faɗa mana abin da kayan ke ci bayan an kai su gida, da kuma yadda suke komawa ranar da aka tashi rabuwa da su. Ban da dogon labari, lissafi muke so.

Mai tattabaru, Kurna

Wa alaikumus salam. A harkar tattabara kuɗin saye shi ne ƙarami. Babbar tattabara tana cin kamar giram 30 zuwa 40 na hatsi a rana. Ɗauki 35. Aure goma tattabaru 20 ke nan, giram 700 kullum, kilo 21 a wata. Kwanon awo bai fi kilo biyu da rabi ba, ka ga kwano takwas da ɗoriya duk wata, kuma ba dawa zalla ba, sai an haɗa da gero da alkama da ɗan wake idan ana son ƙwai mai kyau. Wannan kafin su hayayyafa. Suna zuba ƙwai biyu, kwanci kwana 18, ɗan shila ya yi kamar sati huɗu ya fara ci da kansa, wata shida shi ma ya nemi aure da nasa gurbin. Mai cewa “aure biyu kawai zan ajiye don sha'awa” ba ya shekara sai ya kira kafinta.

Inda aka fi cin mutum shi ne saye a tsaye, cikin hayaniya. Ba duk biyun da aka haɗa a keji ɗaya ne aure ba. Idan ka kai gida ka ga ƙwai huɗu a gurbi ɗaya kuma babu wanda ya ƙyanƙyashe, mata biyu aka ba ka. Idan wata biyu ya wuce sai guɗa da zagaye, babu ƙwai, maza ne. Kafin ka ce ka saya, buɗe bakinta ka leƙa maƙogwaro: in ka ga wani abu rawaya kamar cuku ya manne, ajiye ta. Shafa ƙirjin, in ƙashin ya fito kamar wuƙa ta rame. Dubi kashin da ke ƙasan kejin, kore mai ruwa ba alheri ba ne. Wadda ke karkata wuya tana kallon sama, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, don cutar nan tana share ɗaki guda.

Kuma sabuwa ba ta shiga cikin tsofaffi ranar da ta zo. Keji daban, kwanon ruwa daban, sati uku zuwa huɗu. To mai sayen na-gani-ina-so ba shi da keji na biyu, tunda bai shirya ba, sai ya jefa ta cikin sauran. Nan asarar take, ba a kuɗin da ya biya ba.

Ɗan sabon shiga, Hotoro

Baba, ina da tambaya. Masu gajeren baki ɗin nan masu tsada fa? An ce su ne ke mayar da kuɗi.

Mai tattabaru, Kurna

Yaro, masu gajeren baki sosai ba sa iya ɗura wa 'ya'yansu yadda ya kamata. Sai ka ajiye auren gida da suka zuba ƙwai lokaci ɗaya da su, ka musanya ƙwan su rena maka. Wato kowane aure mai tsada yana jawo wani aure mai cin hatsi. In tazarar zubin ta wuce kwana biyu zuwa uku, renon ba ya yi. Sannan babbar tattabara da ta saba da gidanta, ka sake ta da wuri, gidan ubangidanta na farko za ta koma. Riƙe ta a rufe har ta yi ƙwai a wurinka.

Dillalin kayan da, Jakara

Nawa fannin tsofaffin kuɗi ne da tarkacen da, irin waɗanda ake gani a rumfunan Kurmi. Abin da ke ruɗar mutane shi ne suna ɗauka tsufa shi ne daraja. Ba haka ba ne, ƙaranci ne da lafiyar abu. Anini da ɗari (rabin kwabo) da kwabo masu huda na zamanin Turawa an buga su da yawan gaske, shi ya sa har yau ake samunsu cike da gwangwani a ɗakunan tsofaffi. Haka sule da sisi da taro na 1959, waɗanda aka ci kasuwa da su har zuwa canjin kuɗi na 1973 da naira ta shigo. A ajiye don tunawa da nuna wa yara, madalla. A saya da tsada don an ce “wata rana Bature zai zo nema”, wannan kam sai haƙuri.

Akwai biyu da aka fi yi wa kirari. Na farko kwabo mai huda na 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas. Za a ce maka bai shekara a kan gadon Ingila ba ya sauka, saboda haka kuɗinsa ba ya samuwa. Rabin farko gaskiya ne. Amma na Afirka ta Yamma an buga shi da yawa, ba wani abin nema ba ne. Na biyu liyari, kuɗin azurfa mai hoton Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, da 1780 a jiki. Wannan shekarar ba ranar bugu ba ce. A shekarar ta rasu, kuma aka ci gaba da bugawa da wannan lamba har zamaninmu. Don haka yawancin waɗanda ke yawo darajarsu ta azurfar jikinsu ce. Na gaskiya nauyinsa giram 28, faɗinsa kamar santimita 4, kuma azurfa ba ta bin maganaɗisu. Je da ƙaramin sikeli irin na masu gwal. In ya yi 22 ko 24, ko ya manne wa maganaɗisu, ka ce Allah ya kawo kasuwa. Rashin mannewa kaɗai kuma ba shaida ba ce, don tagulla da aka shafa wa fari ita ma ba ta mannewa, sai an haɗa da nauyi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanki. Mutum ya sayo, ya ga baƙi-baƙi, ya sa lemon tsami da toka ya dirje har ya yi ƙyalli. Ya kashe shi ke nan, mai sani ba ya sayen wankakke. Takardun kuɗi kuwa, irin naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay ko tsohuwar Murtala ta takarda, kada a naɗe, kada a liƙa salatif, kada a kai a yi musu laminatin.

Takubba da tasoshin tagulla da ake cewa na kaka da kakanni, da yawa sabon aiki ne aka turara da hayaƙi ko aka binne ya yi tsatsa. Aikin hannu ne mai kyau, a saye shi da kuɗin sabo. Mai son horar da idonsa ya shiga gidan tarihi na Gidan Makama ya ga na ainihi. In kuma abu na tarihi ne da gaske, fitar da shi waje sai da izinin hukumar gidajen tarihi, kada wani ya yi maka romon baka da kasuwar Turai.

Hajiya mai humra, Fagge

Alhaji ka yi bayani. Bari in kawo na turare, don mu mata a nan ake kama mu, ko da yake maza ma yanzu ba a bar su a baya ba. Fesawa ɗaya kamar kashi ɗaya cikin goma na mil ce. Kwalba mai mil 100 fesawa dubu ke nan. Ko sau biyar kike fesawa kullum, sai ta yi kwana 200. Kwalba goma a kan madubi ta fi shekara biyar, alhali zafin Kano na watan huɗu yana wuce digiri 40. Masu ƙamshin lemo da fure su ne ke fara juyawa, launi ya yi duhu, ƙamshin farko ya koma tsami. Masu nauyi irin su udu da sandal da almiski sun fi juriya. Gaban taga da cikin mota su ne makashin turare. A bar shi cikin kwalinsa a durowa.

A kanti kuma hanci yana gajiya daga na uku ko na huɗu, bayan nan duk abin da aka miƙo miki daɗi zai yi. Abin da kika ji a minti goma sha biyar na farko ba shi ne turaren ba, wannan tashi yake. Shafa a hannu, tafi ki gama zagayenki a Kwari, bayan awa uku ki shinshina. In har yanzu yana yi miki, sayi kwata, mil 3, ba tola guda mai mil 12 ba. Kuma buɗaɗɗen turare ba shi da kasuwa, ko 'yar uwarki sai ta ce an sirka.

Turaren wuta kuma da damina yana jan danshi ya dunƙule in murfin bai kama ba. Kada a tara fiye da na wata uku.

Mai wankin hula, Yakasai

Nawa gajere ne. Hular da ba a gwada a kai ba, ba a saye ta. Lamba 22 ta wannan maɗinki ba ita ce 22 ta wancan ba, kuma wankin farko da ɗora ta a kan itace na iya ƙara mata ko rage mata. Juya cikinta: aikin hannu zarensa ba ya tafiya daidai kamar na inji, za ka ga ƙulli nan da can. Jiƙa farin ƙyalle ka goga a kan jan zare ko shuɗi, in ya kama to za ta zuba a wanki ta ɓata farin. Mutum ya tara Zanna Bukar da damanga da ƙube har talatin, biyar yake sawa. Sauran suna jibge da sitaci a jiki, kyankyaso ya lashe, danshin damina ya sa su yi ɗigo-ɗigon baƙi da ba ya fita. Wadda za a daɗe ba a sa ba, a ajiye ta ba sitaci.

Malamin makaranta, Ɗorayi

Ni dai ina da ja kaɗan. Kuna magana kamar duk wanda ya sayi abin sha'awa jari ya zuba. Mai zama da yamma yana kallon tattabarunsa suna shawagi ya ci kuɗinsa ai, ko bai sayar da ko ɗaya ba. In dai cefane bai taɓu ba, kuɗin makaranta bai taɓu ba, ina laifi? Matsalar tana farawa ne daga lokacin da mutum ya fara gaya wa kansa, ko ya gaya wa uwargida, cewa “ai kadara ce”.

Dillalin kayan da, Jakara

Malam, ba mu saɓa ba. Amma ga yadda kadarar take ranar sayarwa. Wanda zai saya a hannunka nan take ɗan kasuwa ne, shi ma sai ya ajiye ya jira mai sha'awa, saboda haka dole ya taya ƙasa sosai. In ka bi ta dillali akwai la'ada. In ana gab da Sallah ko komawa makaranta ne, kowa fito da nasa yake yi, tayin ya ƙara faɗuwa. Gwaji mai sauƙi: kafin ka biya, tambayi mai kayan, “in na dawo maka da shi jibi, nawa za ka karɓa?” Amsar da ya bayar, ko dariyar da ya yi, ita ce farashin.

Mai kifin gilashi, Sharaɗa

Kifin ado ya fi duk waɗannan saurin hukunta mai gaggawa. Akwatin gilashi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 yana cin lita 54, wato kilo 54 ban da gilashi da tsakuwa, ba kowane teburi ke ɗauka ba. Sabon akwati yana buƙatar sati huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi su zauna a matata. Mai sayen akwati da kifi goma rana ɗaya, cikin sati zai fara tsame gawa. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe saboda kilorin. Ana canza kashi ɗaya cikin huɗu duk sati, ba a juye duka a wanke da omo. Abinci abin da za su cinye cikin minti biyu. Ga kuma wuta: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, in aka ɗauke wuta da rana tsaka a bazara famfon iska ya tsaya, za ka ga kifin sun taso suna haki. In ba ka da sola ko famfo mai batir, sai ka sa kuɗinsu cikin lissafi tun farko. Jan kifin nan ƙarami da ake sawa a kwalba kuwa yana kai santimita 15 ko fiye in ya rayu.

Maman 'yan biyu, Rijiyar Zaki

Ku ƙara da masu tallan kai-tsaye a TikTok da Facebook. “Saura biyu, wa zai ɗauka?” sai hannu ya riga tunani. Fitilar da suke haskawa tana canza launi, girman abu kuma ba ya ganuwa sai an ajiye shi kusa da wani abu da aka sani. A nemi bidiyo a hasken rana, a ce a ɗora kular ko kofin kusa da robar ruwa, a tambayi kuɗin ɗan aike kafin tiransifa, a kuma ji ko ana karɓar kaya in sun zo a fashe. Samira da langa in fentin ya ɓantare ko kaɗan, nan tsatsa za ta kama, don haka a ce a nuna gindi da bakin murfi.

Ɗan sabon shiga, Hotoro

Baba na Kurna, to wanda ya riga ya zuba sabuwa cikin tsofaffi jiya fa? Tambayar wani ce.

Mai tattabaru, Kurna

Ka gaya wa “wanin” ya cire ta yau, ko a kwali mai huda ne. Ya zubar da ruwan sha, ya wanke kwanukan da ruwan zafi, ya share kashin ƙasa. Kullum da safe ya leƙa bakin kowace, ya lura da wadda ta takure ta daina ci. In ya ga biyu sun yi haka, ya ɗauki ɗaya ya kai wa likitan dabbobi, kada ya tsaya jiƙa musu kafso a ruwa. Kuma sati huɗun nan ya haƙura da zuwa 'yan kaji, ko rakiya aka ce ya yi.