Tarar fakin ta same ni alhali motata tana gareji: wa zai biya?

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila, ina neman shawara.

Na kai motata gareji a Birmingham don gyaran birki. Ashe wuri ne ya yi wa makaniken kaɗan, sai ya fitar da ita bakin titi, kan layin rawaya biyu, inda aka hana fakin. Na zo ɗauka na tarar da takardar tara manne a gilashi: fam 70, ko 35 idan an biya cikin kwana 14.

Ya ce babu ruwansa, ai sunana ne a rajistar motar, ni hukuma za ta nema. To amma makulli yana hannunsa ranar, rasit ɗinsa ma ya nuna haka.

In biya tukuna sannan in bi shi kuɗina, ko in ƙalubalanci tarar? Idan na ƙalubalanta, rangwamen zai wuce ni?