Zagayen Kufena da cikin birni a keke: abin da mahaya suka ce

Da aka tattauna tsakanin masu hawan keke a Zariya, magana ta fi tsayawa kan Dutsen Kufena da ke gefen Wusasa. Shawarar da kowa ya yarda da ita: a fita bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe. Hanyar gindin dutsen ta burji ce da yashi, ga ƙaya, don haka siririyar taya tana shan wuya. A riƙe famfo da kayan faci, domin mai faci ba ya kusa. Shi kansa dutsen ba a hawansa da keke. A ajiye a ƙasa wurin wanda aka amince da shi, a taka da ƙafa. Da damina kuwa santsi gare shi.

An ɗan yi gardama kan titin Kaduna zuwa Kano. Wasu na son laushin kwaltarsa, amma dattawan cikinmu suka ce tireloli ba sa ganin mai keke. Ina bayan dattawan.

A dawowa, a tsaya cocin Wusasa na 1929, ginin ƙasa irin na Hausa, sannan a shiga birni ta Ƙofar Doka a ga ragowar ganuwa, a wuce fada da tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Ban da ranar Juma'a, saboda cunkoso. A nemi izinin dogarai kafin ɗaukar hoto.

Mai son Turunku, garin da ake dangantawa da Bakwa Turunku, ɗaya daga cikin tsofaffin sarakunan Zazzau, ya tafi cikin ayari, ya fara tambayar lafiyar hanya.