Saƙon tallafin alkama ya shigo wa Baba amma kuɗin rabi babu, mu sayar ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Don Allah shawara nake nema. Mahaifina yana da fili a fadama wajen Auyo, bai cika hekta ɗaya ba, tun tuni aka rubuta sunansa da NIN ɗinsa a ƙungiya har mun manta, to jiya da daddare sai ga saƙo a wayarsa wai ya je ya karɓi kayan noman alkama, iri da taki da maganin feshi, gwamnati ta biya rabi shi ya biya rabi. Rabin nan ne ba mu da shi, shinkafar damina ambaliya ta cinye. Yau wani mutum ya biyo shi har ƙofar gida ya ce a ba shi saƙon da katin Baba, shi zai biya ya kwashe kayan ya ba Baba na cefane. Baba ya fara karkata, ni kuma raina bai kwanta ba. Kuma ba za a dawo daga baya a ce bashi ba ne?

Manomin Kura: Wa alaikumus salam. Ka fara rarrabewa tsakanin tallafi da lamuni. Anka Borowa da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015 lamuni ne na Babban Banki, mutane da yawa suka ɗauka rabon arziki ne suka ci, daga baya aka zo karɓa ido ya raina fata. Wannan na biyan rabi, irin wanda aka buɗe a Jigawa a ƙarshen 2023, in ka biya naka shi ke nan. Duk da haka kar Baba ya dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta masa ba.

Maman Biyu: Ɗan uwa kar ku ba shi katin nan wallahi. Ƙanin mijina haka ya yi, a rubuce shi ya karɓi taki, a gona ko mudu bai gani ba, kuɗin da aka ba shi ko sati ba su yi ba.

Tsohon malamin gona: Yaro, wannan ciniki ba yau aka fara ba. Tun 2012 zamanin ministan noma Adesina da ake turo saƙon buhu biyu na taki a waya, 'yan kayi-nayi suke tsayawa a bakin wurin rabo suna saye, washegari ka ga buhunan a kasuwa da cikakken farashi. Mai biyo ka har gida ya san ribar da zai ci. Ku nemi maƙwabcin gona ko ɗan uwa mai ɗan ƙarfi ya biya rabin, ku yi noman tare a raba a girbi, a gaban shaidu. Amma ku duba lokaci, alkama sanyi take so, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake shuka, in ta makara zafi zai same ta tana fidda kai ƙwayar ta tsumbure. In kun wuce lokaci ku karɓi takin ku sa wa albasa ko shinkafar rani.

Ɗan Fadama: Duk kun manta man fetur. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ban ruwa shi ne ke cin mutum, ba taki ba. Ku yi lissafin injin tukuna kafin ku ci bashin kowa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na karanta wa Baba bayan Magariba, ya yi shiru sannan ya ce gobe mu je wurin Kawu, shi yana da injin sola. Malam, in an yi haɗin gwiwar, kashi nawa ya kamata mai fili ya ɗauka?