Wutar Kara da Ruwan Wikki: Musayar Waƙa a Kan Ɗorewa

Mai koyon ɗinki, Ƙofar Wambai, Bauchi:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shekara uku ke nan ina ɗaura niyyar haddace Alƙur'ani a cikin watan azumi, amma da an sauko daga idi sai niyyar ta kwance. Na kawo kukana da amsa-amon "wa", ina roƙon duk mai ba ni shawara ya riƙe shi.

Da sunan Allah zan fara kukana,
Ku saurara, dattijai da yayyena,
Himmata wutar kara ce a jikina,
Takan tashi har ta haskake ɗakina,
Kafin in ɗora tukunya tana mutuwa.

A watan azumi ban san kasala ba,
Rabin izu nake biyawa ban gaji ba,
Da an sauko idi ban kai sati ba,
Sai in jingine allo ban wanke ba,
Tawadar da ke kurtu tana bushewa.

Wayata ke riƙe ni idan na kishingiɗe,
In ce minti biyar, sai dare ya shuɗe,
Ladan ya yi kira idona yana rufe,
In isa shago rana ta riga ta buɗe,
Maigidana ya dube ni ba ya tankawa.

Ku faɗa mini yadda mutum ke riƙe kansa,
Ya ɗauki aiki ya kai shi ƙarshensa,
Ba mai kallo, ba mai yabonsa,
Ba mai tsaye da bulala a bayansa,
Shi da Ubangijinsa yana ɗorewa.

Kawu, tsohon malamin allo, Jahun:

Wa alaikumus salamu, ɗana. Na ga irin wannan ciwo ga almajirai da yawa a tsawon zamana da su, kuma a ganina yawan lodi ne ya karya ka.

Ɗana, kayan da ka ɗauka sun fi ƙarfin wuyanka,
Jaki ma in an yi masa lodin raƙumi yana durƙusawa.

Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8,
Ka lissafa, sumuni 480 za ka samu a tarawa.

In ka riƙe sumuni ɗaya kullum ba ka tsallake rana ba,
A shekara da wata huɗu kana kai wa ga gamawa.

In sumuni ya yi maka nauyi ka raba shi gida biyu,
Kwana 960 ke nan, shekara uku ba ta kai ga cikawa.

Shekara ukun da ka ce ka ɓatar kana ɗaura niyya,
Da rabin sumuni ka riƙe, da yanzu an yi walimar saukewa.

Uwar Muminai A'isha ta ruwaito daga Fiyayyen Halitta,
Aikin da Allah Ya fi so, ko kaɗan ne, shi ne mai ɗorewa.

Ka je Yankari ka tsoma hannunka a ruwan Wikki,
Ɗuminsa na digiri 31 ba ya hawa, ba ya raguwa.

Hunturu ya zo da hazonsa, bazara ta zo da zafinta,
Dare da rana daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa.

Ka ɗaure karatunka a jikin sallar asuba,
Kada ka naɗe darduma sai allonka ya samu biyawa.

Yaya, malamar firamare, Yalwa:

Kawu, Allah Ya ƙara girma, lissafinka ya fita sarai. Ina neman izini in ƙara abu biyu, domin na lura ƙanena ya ambaci waya amma ba a taɓo ta ba, kuma ni kaina na sha wuya a hannunta lokacin da nake shirin jarrabawa.

Ƙanena, asuba tun daga isha'i ake gyara ta,
Wanda ya sayar da darensa ga waya ya rasa ta,
Ni ma na yi shekara biyu ina fama da ita,
Sai da na kai ta kicin na rufe a kwalla na bar ta,
Sannan barcin ƙarfe goma ya fara samuwa.

Ka miƙa wa Inna taka da an sallame isha'i,
Ka jingine allo kusa da buta tun da wuri,
Ka jiƙa tawada, ka feƙe alƙalami,
Abin da ke kusa da hannu shi ya fi sauƙi,
Na nesa kuwa kasala ke hana ɗaukowa.

Amma akwai tambayar da ban ji ka amsa ba,
Don me kake son haddar, ba ka faɗa mana ba,
In don a kira ka alaramma ne, ba za ta zauna ba,
Yabon mutane bai taɓa tada kowa da asuba ba,
Sai ka san wa kake wa aikin kafin farawa.

Malam Yakubu ya bar gida ya kama hanya,
A Degel ya zauna gaban Shehu yana biya,
Ya dawo da tuta da manufa guda ɗaya,
A 1809 ya kafa Bauchi, tubali ɗaya bayan ɗaya,
Har garin ya samu ƙofofi da ganuwa.

Kawu:

Allah Ya yi miki albarka, 'yata, kin cike gurbin da na bari. Saura abu ɗaya.

Ranar da barci ya ɗauke ka, kada ka ce aiki ya ɓaci,
Kada ka jira azumi mai zuwa kafin ka yi sakewa.

Bashin karatun asuba, da azahar ake biyan sa a rana ɗin nan,
In ya kwana biyu a kanka yana yin wuyar biyuwa.

Mai koyon ɗinki:

Kawu da Yaya, yau kwana goma sha biyu ke nan da karanta amsoshinku, kuma tambayar Yaya ce ta fi tsaya mini a rai, har na yi kwanaki ina juya ta a kan keken ɗinki kafin in iya amsawa.

Yaya, allon da nake biyawa na mahaifina ne,
Ya rasu da izu arba'in a kansa, abin da na sani ne,
Hannun allon ya goge da gumin tafinsa ne,
Ƙannena uku ba mai biya musu, sai ni ne,
Don Allah nake so, da ladan da zai je kushewa.

Inna ta karɓi wayar tana sa ta ƙarƙashin filo,
Rabin sumuni nake rubutawa a kan allo,
Kwana goma na tashi ba wanda ya yi mini kallo,
Kwana biyu na makara, na ji abin ya tsaya mini a maƙogwaro,
Da azahar a bayan shago na yi ramuwa.

Kawu, ranar Juma'a in an sauko zan zo Jahun da allon, in kana da sarari ka saurare ni, domin akwai aya biyu da nake sarƙewa a cikinsu.