Muhawara: Wai tayin ritaya da wuri ba ya jawo asarar ko sisi?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Ma'aikatarmu ta fito da tayin nan na ritaya da wuri da ake kira VERA, an kuma ba mu wa'adi. Shekaruna 52, na yi 24 ina aikin gwamnatin tarayya a nan Amurka, duk a tsarin fanshon ma'aikatan tarayya da ake kira FERS. Sharaɗin shi ne ka kai 50 da shekara 20 na aiki, ko ka yi 25 komai ƙuruciyarka, to na cika na farkon. Jiya da daddare na zauna na buga lissafi. Ana ɗaukar matsakaicin albashinka na shekara uku a jere da ya fi tsoka, a fitar da kashi 1 cikin 100, a ninka da shekarun aiki. Nawa dala 90,000 ne, kashi ɗaya 900, sau 24 ya ba ni 21,600 a shekara, wato 1,800 a wata. Kuma ba a rage komai don shekaru. Ni dai na ce wanda aka yi wa tayin nan ya karɓa bai yi asarar ko sisi ba. Mai ja ya zo da hujja.

Ɗan Auta: Yaya, ka yi haƙuri, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Duk wanda ya fita kafin 62 ana zaftare masa kashi 5 cikin 100 kan kowace shekara. Saura maka shekara goma, rabin kuɗin ke nan ya tafi. Dala 900 za ka gani.

Maman Ummi: Ɗan Auta, ka haɗa zaren wani da allurar wani. Shekara goma sha ina aikin fayil ɗin ma'aikata, kuma wannan ruɗanin kusan kullum sai an zo min da shi. Zaftarewar kashi 5 gaskiya ce, amma ta wata ƙofa ce daban. Ta shafi wanda ya kai mafi ƙarancin shekarun ritaya, yana da shekara 10 na aiki zuwa sama amma bai cika 30 ba, kuma ba mai shekara 60 da 20 na aiki ba ne, ya ce shi dai zai tafi da kansa. Mafi ƙarancin shekarun nan kuwa tsakanin 55 ne da 57, ya danganta da shekarar haihuwa, duk wanda aka haifa daga 1970 zuwa sama 57 ne nasa. Ka ɗauki mace mai 57 da shekara 15 a aiki, matsakaicinta 80,000. Asalin fanshonta 12,000. Saura mata biyar ta kai 62, sai a cire kashi 25, ta koma 9,000, kuma haka zai zauna har ƙarshen rayuwarta, ba ya dawowa ran da ta cika 62. Sai dai in ta ajiye aikin ta jinkirta fara karɓa. Amma wanda ya fita ta VERA a tsarin FERS ba a taɓa masa komai don shekaru. A nan Baban Khalifa ya fi ka gaskiya.

Ɗan Auta: To Anti, na janye. Amma wallahi na ji wani dattijo a wurin aikinmu yana cewa an rage masa.

Kawu: Irina ne ka ji, ɗana. Mu da muka shiga kafin 1984 tsohon tsari muke, CSRS, shi FERS sai 1987 ya fara aiki. A namu in ka fita da wuri ana cire kashi 2 kan kowace shekarar da ta rage maka ka kai 55. Ni ina 53 na fita, aka cire min 4. Sai dai mu ana yi mana ƙarin tsadar rayuwa tun daga farko, ba a jiran wasu shekaru. Wannan ita ce maganar da ban ji Baban Khalifa ya taɓo ba.

Baban Khalifa: Alhamdu lillahi, Maman Ummi ta wanke ni. Kawu, ranka ya daɗe, ƙarin tsadar rayuwa ai kowa ana yi masa.

Malam Akanta: Ba kowa ba, Malam. Ta wanke ka a kan zaftarewa kawai, ba ta ce babu asara ba. Bari in bi maka shi daki-daki, don kallon kitse kake yi wa rogo.

Ma'aikacin FERS na gama-gari ba ya samun ƙarin tsadar rayuwa sai ya cika 62. Waɗanda aka keɓe su ne irin jami'an tsaro, 'yan kwana-kwana, masu ba jirage hanya, da masu fanshon nakasa. Kai kuwa 1,800 ɗin nan za ta tsaya cik shekara goma, kuma ran da ka kai 62 ba a biyan ka bashin abin da ya wuce, daga nan kawai za a fara. Mu ƙaddara farashi yana hawa da kashi 3 kowace shekara, misali ne kawai. Bayan shekara goma 1,800 ɗinka abin da 1,340 ke saya yau shi za ta saya. Ka ga an ci kwata ɗin kuɗinka ba tare da kowa ya sa hannu a takarda ba. In kuma aka sake shekarar tsadar kaya irin ta 2022, ka tuna ƙarin da aka fara biya a Janairun 2023: su Kawu 8.7 suka samu, 'yan FERS da suka kai 62 aka ba su 7.7, wanda bai kai ba ko anini.

Sannan kwatanta da zama. In ka kai 58 kana aiki, shekararka 30 cur, ka fita ba zaftarewa, 27,000 ke nan ko da albashinka bai motsa ba. In ka jure har 62, ƙa'idar kanta ke canzawa, mai 62 da shekara 20 zuwa sama da kashi 1.1 ake yi masa lissafi. Shekara 34 sau 990, 33,660. Tsakaninsa da 21,600 akwai 12,060 kowace shekara.

Baban Khalifa: Malam Akanta, ka manta ni zan riga ka fara ci. Shekara goma ina karɓar 21,600, na tara 216,000 kafin mai jiran 62 ya ga ƙwandala. Raba 216,000 da 12,060, kusan shekara 18 ne. Sai mun kai 80 zai kamo ni. Wa ya ba ni takardar cewa zan kai 80?

Malam Akanta: Mai jiran ai ba zaman banza yake ba, albashin 90,000 yake ɗauka a shekarun nan goma, ana kuma zuba masa har kashi 5 na albashi a asusunsa na ajiyar ritaya, wato TSP, in shi ma yana zuba nasa biyar, 4,500 ke nan duk shekara daga aljihun gwamnati. Ka sa wannan a sikeli tukuna.

Baban Khalifa: Ni ma ba kwanciya zan yi ba. Akwai kamfanin da muke magana da su. Albashi biyu ke nan, ga fansho ga na kamfani. Ga kuma cikon kuɗin nan da ake ba 'yan FERS kafin su kai shekarun karɓar Soshiyal Sikiyoriti, wato fanshon tsufa na ƙasa.

Maman Ummi: Tsaya nan, Yaya, cikon nan shi ke yaudarar mutane. Wanda ya fita ta VERA ba ya fara samun sa sai ya kai mafi ƙarancin shekarunsa, kai 57 ke nan, kuma yana tsayawa a 62. Daga 52 zuwa 57 babu shi sam. Yadda muke ƙiyasta shi a saman takarda: ka duba abin da Soshiyal Sikiyoriti ta ce za ta ba ka a 62, ka ninka da shekarunka na FERS, ka raba da 40. In sun ce 1,500, to 900 a wata. Amma yana da sharaɗin samu. In kana wani aiki, abin da ka samu ya haura iyaka, ana cire dala ɗaya cikin kowace biyu da ta hau. Iyakar a 2024 dala 22,320 ce. Cikon 10,800 ne a shekara, don haka da albashin kamfanin ya kai wajen 44,000, ya cinye shi ƙurmus. Ko dai aikin kamfani mai kyau ko ciko, da wuya ka haɗa biyun.

Ɗan Auta: Ai sai ya riƙa ɗiba daga TSP kafin nan.

Malam Akanta: Nan ma akwai ƙaya. Wanda ya bar aiki a shekarar da zai cika 55 ko bayanta yana ɗiba ba tara. Shi da zai bari yana 52, in ya ɗiba kafin 59 da rabi akwai tarar kashi 10 bayan haraji, sai dai in ya ɗaure kansa da wani tsari na ɗibar kuɗi daidai wa daida na tsawon shekaru. Shekara uku kacal ke tsakaninsa da wannan sauƙin.

Hajiya Babba: Ku duk kuna ta lissafin maza, babu wanda ya ambaci Maman Khalifa. Ni na ga wannan da idona, mijina ya rasu shekara shida bayan ritayarsa, Allah ya jiƙansa. Ranar da zai cika fom ya so ya tsallake layin mai gado don kuɗin wata ya fi yawa. Sai aka ce masa ba ya yiwuwa sai da sa hannuna a gaban mai hatimin shaida. Ya kawo min takardar kan teburin cin abinci da biro, na karanta sau biyu, na mayar masa na ce ba zan sa ba. Kwana biyu muna gaisuwa sama-sama. Yau da rabin fanshon nan nake biyan haya, kuma da shi ne inshorar lafiyata ta ci gaba, don in ba a bar wa mace komai ba, inshorar ma tana yankewa da rasuwar mijin. Baban Khalifa, ƙanena, in za ka bar mata rabi ana cire maka kashi 10, in kwata ne kashi 5. To 1,800 ɗinka ta zama 1,620 tun kafin a zo maganar kuɗin inshora da haraji.

Baban Khalifa: Allah ya jiƙan Alhaji, Hajiya. Wannan kam ba abin musu ba ne, rabin zan bar mata. Amma ku ma ku ji tawa. Ana ta raɗe-raɗin rage ma'aikata a sashenmu. In na ƙi tayin nan gobe aka sallame ni, na yi biyu babu.

Maman Ummi: Ba za ka yi biyu babu ba. Wanda aka raba da aikinsa ba da son ransa ba kuma ba don laifi ba, in yana da 50 da 20 ko 25 ɗin nan, yana da haƙƙin fansho nan take, lissafi iri ɗaya, matuƙar bai ƙi wani gurbi mai ma'ana da aka ba shi ba. Abin da zai iya wuce ka shi ne kuɗin sallamar da wasu ma'aikatu ke haɗawa da tayin, wanda galibi ba ya wuce 25,000, a cire haraji, kuma in ka dawo aikin tarayya cikin shekara biyar sai ka mayar da shi duka. Kada tsoro ya sa ka sa hannu.

Abu ɗaya dai zan ba ka gaskiya a kai wanda Malam Akanta ya tsallake. In nufinka dama ba za ka wuce 57 ba, to tayin nan alheri ne babba. A 57 shekararka 29, saura ɗaya ka cika 30, ka faɗa ƙofar da Ɗan Auta ya ambata: 26,100 a cire kwata, 19,575, ba kuma ciko. Ka ga ka ƙara shekara biyar kana aiki ka tashi da abin da bai kai 21,600 ba. Ko ka fita yanzu, ko ka ɗaura ɗamarar kaiwa 58.

Malam Akanta: Na yarda da wannan, Maman Ummi, ban hango shi ba.

Kawu: Ni abin da zan ƙara, ka tanadi kuɗin wata huɗu ko shida a gefe. Hukumar OPM mai kula da fanshon ma'aikatan tarayya tana fara ba mutum wani kaso ne na wucin gadi kafin ta kammala fayil, sannan ta cika masa bashin. Shekara da shekaru a cikin wani tsohon ramin haƙar dutse a Boyers ta jihar Fensilbeniya aka yi ta aikin takardun nan da hannu, na rantse ba raha nake ba. Kuma ni ban yi nadamar fita ba, gwiwoyina sun riga sun gaji, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ban taɓa cewa ban yi asara ba.

Maman Ummi: Yaya, wata tambaya. 90,000 ɗin nan daga ina ka samo ta? Albashin tushe ake ɗauka haɗe da ƙarin da ake yi saboda yankin da kake aiki, na wata 36 a jere. Kuɗin ƙarin lokaci da kyautar ƙwazo ba sa shiga.

Baban Khalifa: Ku ba ni minti goma.

Baban Khalifa: To. Albashina na bana na ɗauka. Da na jera na shekara ukun, matsakaicin 86,400 ne. Sau 24 ya zama 20,736, wato 1,728 a wata.

Maman Ummi: Awa nawa gare ka na hutun rashin lafiya da ba ka ci ba? Ana ƙara su a lissafin kuɗi, ko da yake ba sa taimaka maka cika sharaɗin fita. Awa 2,087 ne shekara guda.

Baban Khalifa: 1,050.

Maman Ummi: Wata shida ke nan, ƙarin dala 36 a wata, 1,764. Cire na Maman Khalifa, saura wajen 1,588. Ka kuma tabbatar shekara biyar ɗin ƙarshe kana cikin inshorar lafiya ta ma'aikata ba yankewa, don da wannan ake ba ka damar tafiya da ita.

Ɗan Auta: Yaya, daga 1,800 zuwa 1,588, kuma har yanzu ba a taɓa haraji ba. Ashe 900 ɗina ba ta yi nisa sosai ba.

Baban Khalifa: Kai dai yi shiru, hujjarka tun farko ta faɗi. Maganar "ko sisi" na janye ta. Amma fita ban janye ba tukuna. Na tura wa ofishinmu saƙo su fitar min da ƙiyasi a rubuce guda uku, na yanzu, na 58 da na 62. Kamfanin nan kuma har yau baki ne kawai, ba su ba ni takarda ba, gobe zan kira su. Hajiya Babba, Maman Khalifa ta karanta abin da kika rubuta, ta ce in tambaye ki ko za ta iya kiran ki bayan magariba.

Hajiya Babba: Ta kira, ina gida.