Madannan ƴar kwamfutata sun rikice, wa ya taɓa gani?

Ɗan Fagge: Salam ƴan uwa. Ƴar kwamfutar nan tawa ta hannu mai Windows 11 ce ta tashi da rigima, in na danna J sai 1 ya fito, K kuma 2, shi kuma A sai na danne shi kamar zan fasa kafin ya kama. Kafin in kai kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a buɗe min ita nace bari in ji daga gare ku.

Maman Biyu: Na J da K ɗin nan Num Lock ne wallahi, ƙananan kibod ba su da gefen lambobi shi yasa ake cusa su cikin haruffa, U I O su ne 4 5 6. Danna Fn da Num Lock tare. Ni kwana biyu ina saka password yana cewa ba daidai ba ashe autana ne ya taɓa.

Injiniya: Malam kar ka bari a kwance ta tukuna. Danna Win da Ctrl da O kibod na kan sikirin zai fito, ko ka jona kibod na USB, in A ya fito lafiya lau to maɓallin ne da kansa. Ƙurar hunturu ce yawanci. Kashe ta, ɗan auduga da isopropyl (sifirit ɗin goge kayan lantarki) ka goge gefensa, ban da ruwa don Allah. Amma duba ko kibod ɗin ya ɗan taso sama, in ya taso batir ne ya kumbura, wannan kam daina caji ka kai gyara.

Ɗalibar Zariya: Tawa duka madannan ne suka yi nauyi, sai na riƙe harafi kafin ya fito, har na fara tara kuɗin sabon kibod ashe wani saitin Windows mai suna Filter Keys na kunna, riƙe Shift na dama daƙiƙa 8 ke kawo shi, ni kuma ina jingina yatsa a kai in ina karatu 😅

Ɗan Fagge: Hajiya Allah ya saka da alheri, lambobin sun tafi. A ɗin dai yana nan da taurin kai, kuma yanzu @ ya koma ".

Injiniya: Ka juya kibod daga na Amurka zuwa na Ingila garin lalube, Win da Space zai dawo da shi. Batir ɗin fa, ka duba?

Ɗan Fagge: A kwance yake bai taso ba. Gobe zan nemo isopropyl ɗin.